Sunaye a Bayan Buhu

Zangon farko na ajinmu na shida ya fi kowane zango tsawo. Mun koma makaranta ruwan sama bai gama ɗaukewa ba, kuma tun ba mu gama naɗe sababbin littattafanmu da takardar siminti ba aka manna jerin abubuwan da za a yi a bangon ofishin hedimasta. Muhawara, kacici-kacici, musabaƙa, gasar gudu, dashen itatuwa, taron iyaye, gwaji biyu kafin jarrabawa. A can ƙasa, da jan biro, an rubuta Makon Taimako.

Makarantarmu a Ƙofar Rini take. Hedimastanmu Malam Jinaidu mutum ne mai son a ga makaranta tana motsi. Shi ke kawo shawara, malamai ke ɗaukar nauyinta, kuma mafi yawan nauyin a kan malamar ajinmu yake sauka. Malama Ashatu daga hanyar Kalambaina take zuwa kullum a kan kabu-kabu, bayan ta ajiye jaririnta wurin mahaifiyarta. Kafin watan Nuwamba ya kama, ta daina tsayawa a gaban allo. A zaune take koyar da mu, takalmanta a cire a ƙarƙashin tebur, tulin takardun gwaji a gefenta.

Ranar wata Litinin Malam Jinaidu ya yi bayani a wurin taron safe. Ya ce kaka ta yi, sabon gero ya shigo kasuwa. 'Yan aji huɗu sun dasa itatuwa, 'yan aji biyar sun tara tufafi, mu 'yan aji shida hatsi za mu kawo, kowa tiya guda ko abin da ya sawwaƙa, a raba wa gidajen ɗaliban makarantar da ke cikin wani hali. An raba mu gida huɗu kamar yadda ake yi lokacin gasar gudu, kore da ja da shuɗi da ɗorawa, kuma gidan da ya fi kawowa za a ba shi kofi.

Da muka koma aji Malama Ashatu ta ƙara da nata.

"Ku saurara da kyau. Ba wanda za shi san wanda anka ba. Ni ce zan raba, daga ni sai Allah. Duk wadda na ji tana tambayar wa da wa sunka samu, ni da ita ne."

Sannan ta ciro baƙar maka daga jakarta ta miƙo mini.

"Khaula, duk buhun da anka kawo ki rubuta launin gidan mai shi a gaba. Kore, ja, haka dai. Kin ji?"

Na ce na ji. Ni ake ba irin wannan aikin. Ba na iya magana a gaban mutane, ranar muhawara ma da aka tsayar da ni muryata ta maƙale har sai da aka zaunar da ni. Amma rubutuna yana da kyau, kowa ya san haka, ni ma na sani, watakila fiye da yadda ya kamata. Makullin kabad ɗin littattafan aji a hannuna yake, kuma na karance duk abin da ke ciki har sau biyu.

Mai yi mini magana a duniya ita ce Ummulkhairi. Tun aji biyu benci ɗaya muke zama. In an ci zalina ita ke ramawa, in ta kasa lissafi ni ke nuna mata a ƙarƙashin benci. Iyayenmu mata ma ƙawaye ne tun suna 'yan mata. Goggo Zainaba, mahaifiyarta, ba ta jiran a amsa sallama a gidanmu, kai tsaye take wucewa madafa ta buɗe tukunya ta ce wa Innata gishirinta ya yi yawa. Babansu Malam Mu'az mahauci ne, amma shekara guda ke nan ɓarin jikinsa ya shanye yana kwance a ɗaki. Tun daga lokacin Goggo Zainaba ke yin dambun nama tana ba masu shago su sayar mata. Ba ta taɓa cewa komai a kai ba, mu ma ba mu taɓa cewa ba.

Talata aka fara kawo hatsi. Na zauna a bakin sito da makata, kowa ya ajiye ɗan buhunsa in rubuta launi. Ana cikin haka Hafsat, ɗiyar wani mai sayar da atamfa, ta dire nata ta riƙe ƙugu.

"Khaula, sa sunana."

"Malama launi kawai ta ce."

"To shinkafa fa na kawo, ba dawa ba awa wasu. In ba ki sa ba wa za shi sani? Sa a baya mana, wa ya hana ki baya?"

Na duba, Malama tana can aji huɗu tana raba faɗa. Ban iya cewa a'a ba, ban taɓa iyawa ba. Na juya buhun na rubuta. Da na rubuta wa Hafsat sai kowa ya ce shi ma. Aishatu huɗu gare mu a aji, don haka dole na riƙa haɗawa da sunan uba, wasu har da sana'arsa, yadda ake kiran mutane a unguwa. Gaskiya kuma, bayan buhu na goma ba don tsoro nake yi ba. Daɗi nake ji. Makar sabuwa ce, tana tafiya sumul a kan farin buhu.

Ummulkhairi ta zo kusan ƙarshe. Nata a tsohon buhun sukari yake, an ɗaure bakinsa da tsumman atamfa, geron bai cika tiya ba.

"Sa nawa ni ma," ta ce. "Inna ta ce kada a ce ɗiyar Mu'az ba ta kawo ba."

Na sa.

Nawa ya fi na kowa. Babana hatsi yake sayarwa a kasuwa, don haka rabin buhu ya aiko da shi, sabon gero mai ƙamshi. Na ɗauki lokaci a kansa. Khaula Jafar Mai Hatsi. Har na ja layi biyu a ƙasa.

Aka jera buhunan a sito, launi yana kallon sama, suna yana kallon ƙasa. Malam Jinaidu ya zo ya duba, ya ce gidan kore ne a gaba, ya yi murna, ya tafi.

Ranar Alhamis Malama ta raba kashi na farko, gida shida. Daga baya na san yadda ta tsara abin. Ta kira kowane ɗalibi shi kaɗai tun Laraba, ta ce ya zo da tsohon zani, in an tashi ya tsaya kamar mai shara. Ita da kanta ta naɗe buhunan a zannuwa don kada a gane abin da aka ɗauko. Duk dabarar da za a yi ta yi. Abu ɗaya ne ba ta yi ba, ba ta juya buhu ko ɗaya ba. Sito ba taga, ga zafi, ga shi tun safe take gyaran takardun gwaji idanunta sun yi ja.

A ranar, da aka tashi, Ummulkhairi ta ce mini, "Tafi, yau ni ke shara."

Na san ba ranarta ba ce. Na tafi ban tambaya ba, har ina ganin na kyauta.

Juma'a bayan la'asar ina tsakar gida ina karatu, Inna tana tsince wake a kan tabarma, muka ji sallama. Muryar Goggo Zainaba ce, amma ba ta shigo ba. Ta tsaya a zaure har sai da Inna ta ce, "Shigo mana, yau kuma baƙunta kike ji?"

Ta shigo da babban mayafinta na zuwa biki. Inna ta matsa mata a kan tabarma, sai ta wuce tabarmar ta durƙusa a ƙasa, a kan siminti.

"Hajiya, ina wuni."

Inna ta saki waken da ke hannunta. Shekara da shekaru Hauwa'u take kiranta, in ana wasa ta ce mata mai gishiri.

"Zainaba, lafiya? Jikin Malam ne?"

"Jiki da sauƙi. Godiya na zo yi. Saƙo ya iso, mun gani. Allah shi saka da alheri, Allah shi ƙara buɗi, Allah shi raya zuri'a."

"Wane saƙo?"

Goggo Zainaba ta ciro wani abu daga cikin mayafi ta ajiye a gaban Inna. Buhu ne a ninke, an wanke shi, an naɗe wata farar roba a ciki. A wurinmu in an kawo maka abu a kwano ba ka mayar da kwanon haka nan, kuma in ka san wanda ya ba ka, sai ka taka har gidansa ka yi godiya. Kowa ya san wannan, har ni da ke zaune da littafi a cinya.

Inna ta warware buhun. Wankin bai fitar da makar ba. Sunana yana nan da layinsa biyu.

"Da kin faɗa mani baki da baki, Hauwa'u," Goggo Zainaba ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "da ya fi mani sauƙi. Ki ce Zainaba ga gero, in ce na gode. Ba sai kin kai sunana makaranta an rubuta ni cikin mabuƙata ba, sannan a aza wa ɗiyata a ka, da sunan gidanku a jiki don kada in manta inda ya fito."

"Wallahi Zainaba ban san..."

"Ba komai. An ci, yara sun ƙoshi." Ta miƙe tana dafa gwiwa. "Ummulkhairi za ta koma wurin kakarta a Kwalkwalawa. Lahadi ta sama ƙanena za shi zo shi ɗauke ta. Can ba wanda za shi dube ta shi ga buhu."

"Tana aji shida? Jarrabawar shiga sakandare fa?"

"Akwai makaranta can ma."

Akwai, amma duk mun san abin da ke can. Kakar tana sayar da abinci ga ɗaliban jami'a, kuma ta daɗe tana neman mai taya ta wanke kwanuka.

Inna ta raka ta har zaure tana magana, ita kuwa ba ta juyo ba. Da Inna ta dawo ta tsaya a kaina. Na ɗauka duka za ta yi, har na fi son ta yi.

"Rubutun wa ne wanga?"

"Nawa."

"Wa ya sa ki?"

"Ba kowa."

Ta zauna a kan tabarma kamar wadda ta yi tafiyar ƙasa. Ta buɗe robar. Dambun nama ne cike har baki.

"Kin san mi ne wanga? Abin da za ta kai shago gobe ne. Ya fi geron naku tsada." Ta rufe. "Ni duk abin da na faɗa mata yanzu cewa za ta yi rufewa nake. Ke kinka rubuta, Khaula."

Asabar da Lahadi ban karanta komai ba. Na buɗe littafi, na rufe. Na yi ta shirya maganar da zan yi a cikin kaina, kowane lokaci sai ta tsaya a wuri ɗaya.

Litinin Ummulkhairi ba ta zo ba. Kafin Malama ta shigo, aji ya cika da labari. Wanda bai samu babban buhu ba ƙanana uku aka haɗa masa, don haka kowane gida sunaye uku ya gani. Iyaye sun yi ta zagaya unguwa tun Juma'a.

"Wata tsohuwa ta zo gidanmu," in ji Hafsat, tana zaune a kan tebur. "Da sanda. Ta durƙusa wa Mamana tana ta addu'a, Mamana ba ta ma san zancen ba. Wai daga gidanmu gidan su Aishatu Bashar za ta, daga can kuma sai bayan kasuwa. Ashe kakar yarinyar nan ce ta aji uku, mai yagaggen hijabi."

"Mu ma an zo muna," wata ta ce. "Har da ƙwai biyar a cikin buhun."

Suka yi ta lissafa waɗanda suka gane. Ba da mugunta suke yi ba, labari ne kawai ya samu. Sai Hafsat ta dubi gefen bencina da ba kowa, sauran ma suka duba.

Lokacin tara, da aka fita hutun cin abinci, na tsaya a gaban teburin Malama. Tana cin gyaɗa da hannu ɗaya tana maki da ɗayan.

"Mi ne ne, Khaula? In makullin kabad ne ki ajiye nan."

"Malama, buhunan... na sa... akwai suna."

"Wane suna?"

"Na waɗanda sunka kawo. A baya."

Ta daina tauna. Ba ta nemi takalmanta ba, haka ta tafi sito da ƙafa, ina bin ta. Ta kama buhun farko ta juya. Ta juya na biyu. Ta juya na uku. Sannan ta zauna a kan na huɗu ta rufe fuska da tafin hannu.

"Duka?"

"Duka."

"Shi ya sa uwar Siddiƙu, da na ba ɗanta buhu, ta wuce ni jiya a hanya ba ta amsa gaisuwata ba." Ina jiran faɗa, sai ta ce, "Launi na ce maki."

"E, Malama."

"Ni kuma ko guda ban juya ba. Guda ɗaya tak." Ta sauke hannunta. "Wa kuma?"

Na gaya mata zancen Goggo Zainaba da Kwalkwalawa. Ta ce ita ta zaɓi Ummulkhairi da kanta, don ta lura tun farkon zango yarinyar ta daina fita tara, sai ta ce azumi take yi. Ta ba ta babban buhun ne saboda sun fi kowa yawa a gida. Ba ta san na waye ba.

Sauran gida shida ba a ba su ba tukuna. Ina duba buhunan da suka rage sai na hango tsumman atamfa. Buhun sukarin Ummulkhairi yana nan a lungu, ba a bayar da shi ba. Wata dabara ta faɗo mini.

"Malama, in anka ba wani wannan yadda yake, da sunan, ai za a je gidansu a yi godiya. Goggo za ta ga ita ma an zo mata. Sai ta huce."

Malama ta dube ni. Ta sa hannu a aljihun rigarta ta ciro wata 'yar takarda a ninke, ta miƙo mini ba tare da ta buɗe ba.

"Ga sunayen shidan da sunka rage. Buɗe ki zaɓi wadda uwarta za ta je ta durƙusa."

Ban karɓa ba. Ta mayar da takardar aljihu.

"Ɗauko tabarmin salla na ofis. Guda uku."

Ba mu koma aji ba sai da aka kusa tashi. Ta sa su Hafsat su yi ta karanta jadawalin sau, muna jiyo su daga sito. Muka kwance buhunan ɗaya bayan ɗaya, gero a kan gero, dawa a kan dawa, shinkafa a gefe. Ƙaiƙayi ya cika mana wuya da hannu. Malam Jinaidu ya leƙo ya tambayi abin da ake yi, ta ce masa gyara. Ya ce to a dai tuna ranar Laraba za a ba da kofi, ya wuce. Ta ce in gaya wa Babana ya aiko da buhuna shida farare, waɗanda ba a taɓa rubuta komai a kansu ba.

Ni na kwance na Ummulkhairi. Geron ya zuba a kan tulin, nan take ban iya nuna inda yake ba. Na ninke buhun na ce, "Malama, in tafi da wannan?"

"Tafi da shi. Sauran ƙonawa zan yi." Ta share wuyanta da gefen mayafi. "Gidaje biyar ɗin can ni zan bi su da kaina. Ban san ranar da zan samu ba, amma zan bi. Na shidan naki ne."

Daga makaranta ban biya gida ba. Gidan su Ummulkhairi yana bayan namu da layi biyu, amma sai da na zagaya ta bakin masallaci sau biyu kafin na iya yin sallama.

Goggo Zainaba tana gaban murhu tana juya nama a tukunya. Ummulkhairi tana bakin ɗaki tana ninke kaya tana sawa a jaka, rigar makarantarta ce a sama. Ta ɗago ta gan ni, ta mayar da kanta. Daga cikin ɗaki Malam Mu'az ya yi magana, harshensa yana ja.

"Wa ke nan? Malamar boko ce?"

"Ni ce, Baba. Ya jiki?"

"Jiki shina nan inda kinka bar shi."

Na durƙusa na gaida Goggo. Ta amsa ba ta bar juyi ba.

"Hajiya ta aiko ki?"

"A'a."

"To?"

Duk maganar da na shirya ta gudu. Na ciro buhun sukarin daga jakata na shimfiɗa shi a ƙasa a gabanta, bayansa yana sama.

"Ni na rubuta," na ce. "Ba Inna ba. Na kowa na rubuta. Ba a sa ni ba. Malama launi ta ce. Ga naku ma."

Ta dubi buhun. Ta gane tsummanta da ke maƙale a bakinsa. Goggo Zainaba tana karatun Alƙur'ani amma ba ta yi boko ba, sai a lokacin abin ya zo mini, cewa ranar Alhamis wani ne ya karanta mata sunana.

"Ke, zo ki karanta mani wanga shi ma," ta ce.

Ummulkhairi ta taso a hankali. Ba ta dube ni ba.

"Ummulkhairi Mu'az," ta karanta.

"Ina geron?"

"An juye shi cikin na kowa," na ce. "Yau munka juye duka. Gobe za a raba a farin buhu."

"Wa za shi ci?"

"Ban sani ba. Shi ma ba za shi san naku ne ba."

Ta ja itace ɗaya baya daga wuta.

"Shi ya huta," ta ce.

Naman yana ta ƙara a cikin mai.

"Hauwa'u ba ta kai sunana ba?"

"Wallahi ba ta san komai ba sai da kinka zo. Malama ce. Ta ga Ummulkhairi ba ta fita tara."

Goggo ta juya ta dubi ɗiyarta. "Ba na ba ki ɗumame kullum ba?"

"Su Zahra'u nake bar wa," Ummulkhairi ta ce, tana nufin ƙannenta.

Goggo Zainaba ta ajiye ludayin. Ta yi wata 'yar dariya wadda ba daɗi a cikinta.

"Ashe durƙuson banza na yi. Da mayafin biki. Na bi ta gaban masu shago duk suna kallona." Ta girgiza kai. "Ga dambuna ya tafi."

"Shina nan, Goggo, ba mu taɓa ba. In je in ɗauko?"

"Kul. Ku ci abinku. In kunka maido shi uwarki ba za ta aiko shi shi kaɗai ba, sai ta haɗa da wani abu, ni kuma in sake neman abin da zan sa a kwanonta. Na gaji, Khaula. Wallahi na gaji."

Daga ɗaki Malam Mu'az ya ce, "A bar yarinya ta gama ajinta, Zainaba."

"Mutane sun riga sun gani, Malam."

"To Kwalkwalawa aljanu ke zaune can? Mutane ne su ma."

Goggo ta sunkuya. Ta ɗauki buhun sukarin ta karkaɗe, ta ninke shi huɗu, ta tura ƙarƙashin kujerarta. Ta koma juyin namanta. Na ɗauka shi ke nan, har na fara miƙewa, sai ta yi magana ba tare da ta dubi kowa ba.

"Ciro rigar nan daga jaka ki wanke. Tun Alhamis take da ƙurar gero."

Ummulkhairi ta ciro rigar.

"Ke kuma ki ce wa uwarki gishirin da ta ara wancan watan ban manta ba."

Na ce to. Na fita da sauri don kada su ga fuskata.

Talata Ummulkhairi ta zo a makare, rigarta ba ta gama bushewa ba. Aji ya yi tsit da ta shigo. Ta wuce kowa ta zauna a bencinmu, ta ajiye jakarta a tsakanina da ita, wurin da ba ta taɓa ajiyewa ba. Ba ta yi mini magana ba duk ranar.

Laraba aka ba gidan kore kofi, aka yi tafi. Malam Jinaidu ya ce Makon Taimako ya yi armashi, badi za a faɗaɗa shi. Malama Ashatu tana tsaye a bayan layinmu, na ga ta lumshe ido. Bayan an shiga aji ta kira ni ta miƙo mini makar nan da kwali huɗu, ta ce gasar gudu saura kwana tara, a rubuta sunayen gidaje. Na tambaye ta abin da zan rubuta har sau uku, sai da ta ce, "Launi, Khaula. Launi kawai."

Na dawo benci da kwalayen. Ummulkhairi tana ta girgiza bironta, ya ƙi rubutu. Ta yi ta gwadawa a bayan littafi har takardar ta huje. Can ta miƙo hannu ta saman jakar, ba ta dube ni ba.

"Ba ni naki."

Na ba ta. Jakar ta kwana biyu a wurin kafin ta sauke ta ƙasa.